Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya: ba ma cin bashin ruwa, amma mu muke biyan ruwan

Mai girma Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Mista Olayemi Cardoso, da sauran 'yan kwamitinka da kuke zama duk wata biyu ku yanke kuɗin ruwa.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki. Allah ya taya ka riƙon wannan kujera, dan mun san ba ƙaramin kaya aka ɗora maka ba.

Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa a nan cikin Kano, shekarata 17 ina sayar da kayan masarufi, taliya da sukari da fulawa da man girki da sabulu da madara. Ni ba babban dila ba ne, a tsakiya nake, ina saro kaya a hannun dila ko kamfani, masu tireda na unguwanni da na ƙauyukan da ke kewaye da mu su zo su sara a wajena. Babu ƙungiyar da ta aiko ni, babu jam'iyyar da ta sa ni. Ina magana ne da bakin ire-irena masu shago ɗaya ko biyu a Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari da Ƙofar Wambai da Dawanau, da yaran shagonmu, da 'yan dako da masu tura kura da suke cin abinci a gindinmu, da matan aure masu suyar awara da ƙosai da masu taliyar hannu a cikin gida, waɗanda kwano ɗaya ko gwangwani biyu suke aikowa a siyo musu kullum.

Abin da ya sa na ɗau waya nake wannan rubutu shi ne zaman da kukai ranar 22 da 23 ga Satumbar 2025, inda kuka sanar an rage kuɗin ruwa daga kashi 27.5 zuwa kashi 27. A rediyo muka ji muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, mai labarai ya ce wannan ne ragi na farko tun 2020. Wani dattijo a cikinmu mai shagon atamfa a Kwari ya yi shiru can ya ce, yanzu duk haƙurin da akai shekara biyu, rabin kashi ɗaya ne sakamakonsa? Babu wanda ya iya ba shi amsa, ni ma da ita na kwana a raina.

Kafin komai bari in faɗi abin da kukai mai kyau, dan kar a ce ɗan adawa ne ya zo da ƙorafi. A Fabrairun 2024 dala ta tasam ma naira 1,900 a kasuwar bayan fage, a lokacin in ka sayar da kaya da safe, da la'asar kuɗin ba za su siyo maka irinsa ba, wasu dilolin ma rufe sito sukai gaba ɗaya suka ce sai sun ga inda abin zai tsaya. Zuwa Satumbar 2025 dala ta ɗan zauna a kusa da 1,500, mutum yana iya yin lissafin sati. Kun kuma ce kun biya bashin dala kusan biliyan 7 da kuka tarar ana bin bankin. Wannan mun gani, mun yaba, Allah ya saka.

Akwai ƙanena da ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Bayero, shi ya zaunar da ni ya yi min bayanin dalilinku. Ya ce in kuɗi sukai yawa a hannun jama'a kaya kuma kaɗan, farashi tashi yake, to sai Babban Banki ya ƙara ruwa dan cin bashi ya yi wuya, ajiya ta yi daɗi, kuɗin da ke yawo su ragu. Ya ce kuma ruwa mai yawa yana jawo masu kuɗin ƙasashen waje su kawo dala su sayi takardun bashin gwamnati, naira ta samu sauƙi. Shi ya sa kuka tarar da shi a 18.75, kuka ɗaga zuwa 22.75 a Fabrairun 2024, 24.75 a Maris, kuka yi ta hawa har 27.5 a Nuwamba, ƙari shida cikin shekara ɗaya. Na fahimci bayanin sarai. Tambayar da na yi masa ita zan yi maka ranka ya daɗe: a Kano, a hannun wa kuɗi sukai yawa?

Mu dai abin da muka gani da idonmu ya tada farashi ba yawan kuɗi ba ne a aljihun talaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Tsakiyar Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take 460 da wani abu a farashin gwamnati ta kama hanya. Kusan duk abin da ke shagona ko dai daga Legas tirela ta ɗauko shi ta yi kwanaki a hanya, ko kuma alkamar da akai shi da ɗanyen sukarin da robar da aka naɗe shi da dala aka siyo su. A Afrilun 2024 aka mayar da wutar 'yan layin Band A, wato waɗanda aka ce sun fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225, masana'antu kuma su ne a kai. A Oktoban shekarar aka lalata layin wuta na Shiroro, ɗaya layin da ke taimaka masa ma ya faɗi, Arewa ta yi sama da sati a duhu, masu niƙa da masu ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna haka nan. Bodar Nijar a rufe take daga Agustan 2023 har Maris 2024, mu kuwa mutanen Maraɗi da Damagaram kwastomominmu ne tun kaka da kakanni. Ga manoman Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. A duk cikin waɗannan, wanne ne ƙarin kuɗin ruwa zai gyara? Shi zai sa tirela ta rage shan gas, ko shi zai mayar da manomi gona? Mu a ganinmu an bar jaki ne ana dukan taiki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai, wanda nake jin a Abuja ba a san shi ba. Da yawa za su ce ai mutanen Kano ba sa cin bashin banki, ina ruwansu da kuɗin ruwa? Gaskiya ne, ni tunda nake ban taɓa cin bashi da ruwa ba, mahaifina ma bai ci ba, akasarin 'yan layinmu haka, addininmu ya hana kuma muna tsoron Allah a kai. Amma kasuwar Kano ba da tsabar kuɗi take tafiya ba, da amana take tafiya. Kamfani ya ba dila kaya ya ce sati biyu ka kawo kuɗi, dila ya ba ni na kwana goma, ni in ba mai tireda na sati, mai tireda ya rubuta wa maigidan da ke jiran albashi a littafi har ƙarshen wata. Babu takarda babu lauya, sai sanayya da mutunci. Wannan sarƙar ita ce bankin talaka, da ita yaron da ba shi da ko sisi yake zama mai shago.

To saman sarƙar nan a banki take ɗaure, dan shi kamfanin da bashin banki yake siyo kayan aiki. In banki ya ba shi naira miliyan 100 a kan ruwa kashi 30, miliyan 30 kenan a shekara, miliyan biyu da rabi duk wata, sati biyun da yake ɗaga wa dila ya zama asarar sama da miliyan ɗaya a kan kowace miliyan 100. Wane kamfani ne zai jure? Sai suka janye. Wani kamfani da na yi shekara tara ina hulɗa da su, ban taɓa saɓa musu rana ba ko sau ɗaya, wakilinsu ya zo shagona da kansa yana ba ni haƙuri, ya ce Alhaji daga yau sai an ga alat kafin a loda mota, wani lokacin ma ka biya ka jira kwanaki kafin kayan su iso. Ban ga laifinsa ba, aiko shi akai. Amma tunda aka daina ɗaga min, ni ma dole na daina ɗagawa. Akwai wani bawan Allah mai tireda da ya fi shekara goma yana ɗaukar kaya a wajena ranar Asabar ya kawo kuɗi wata Asabar, ranar da na ce masa sai da kuɗi a hannu wallahi kasa haɗa ido na yi da shi. Ya ce ba komai Alhaji, Allah ya rufa asiri, ya ɗauki katan biyu maimakon goma sha biyar da ya saba. Bayan wata huɗu aka ce min ya rufe tiredar ya koma tuƙa adaidaita sahu na wani yana kawo balas. Shi bai taɓa taka ƙofar banki neman bashi ba, ko sunan kwamitinku bai sani ba, amma hukuncinku ne ya biyo ta kamfani, ta dila, ta kaina, ya same shi har unguwarsu.

Ni kaina yarana na shago biyar ne da, yanzu uku. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ya isa sallama tun bara, ya yi min shekara takwas da gaskiya da riƙon amana, al'adarmu ita ce in kama masa shago in zuba masa kaya in kai shi wajen diloli in ce wannan ɗana ne ku ba shi. Yau in na kai shi wa zai ba shi? Kuɗin da da za su cika shago yanzu kusurwa ɗaya ta shagon ba za su cika ba. Kullum in na kalle shi sai in ji nauyi.

Abu na gaba, bankunan kansu. Ƙanen nawa ya nuna min cewa a 2024 takardun bashin gwamnati na shekara ɗaya sun biya sama da kashi 20. To bankin da zai ba gwamnati kuɗi ya kwanta ya yi barci ya tashi da wannan riba, me zai kai shi Sharaɗa ko Bompai ko Challawa wajen mai kamfanin roba ko mai jima ko mai casar shinkafa da ke fama da janareto? Ga shi kuma kun ce kashi 50 na ajiyar mutane a kulle a wajenku, a Satumbar 2025 kuka mayar 45, abin da ya rage a hannunsu sai su tsauwala masa kuɗi. A shekarar da mutane ke cin abinci sau ɗaya, akwai bankunan da suka sanar da ribar sama da naira tiriliyan ɗaya kowannensu. Ba hassada nake ba, kasuwa suka fito, kowa riba yake nema. Amma ka shiga Sharaɗa ka ga gine-ginen da da in an tashi aiki kekuna da babura sai sun tare titi, yanzu wasu sun zama sito wasu ciyawa ta cinye. Na san mutuwar masana'antun Kano ta girmi zuwanka, tun zamanin da masaƙu suka durƙushe ake kuka. Sai dai waɗanda suka yi ta maza suka rage, su ne yanzu ruwa kashi 30 ke neman ƙarasawa. In kaya sun yi kaɗan ne farashi ke tashi, yaya za a yi maganinsa ya zama abin da ke hana yin kayan?

Sannan ɗaya ɓangaren maganin naku, wato a ƙara ruwa dan ajiya ta yi daɗi, mu bai shafe mu ba sam. Ko wanda ke karɓa, ƙa'idarku ta ce mafi ƙarancin ruwan asusun ajiya kashi 30 ne na kuɗin ruwan da kuke yankewa, wajen kashi 8 kenan, a ƙasar da farashi ya tashi da kashi 34.8 a Disambar 2024. Mu kuwa da ba ma karɓa, ko wannan babu. Tsohuwar da ta sayar da gona ta ajiye kuɗin Hajji, da 'yan adashi, da marayun da aka ajiye musu gado a banki, kuɗinsu narkewa kawai suke kamar ƙanƙara a rana. Ɗacin maganin mun sha, zaƙinsa kuma na wasu ne. Shi ya sa ɗan kasuwar Kano in ya samu kuɗi sai ya mayar da su buhu ko katan ko fili, dan nan ne kawai ba za su narke ba. A Fabrairun 2024 har rumbuna aka rufe a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ban ce babu azzalumai masu ɓoyewa dan talaka ya wahala ba, akwai su, kuma Allah zai tambaye su. Amma da yawa tsoro ne ke sa su, ba a ba su wata ma'ajiya ta halal da za ta riƙe musu darajar kuɗi ba.

Kuma fa ba wai babu hanyar ba. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya zo a 2019, Lotus a 2021, duk ku kuka ba su lasisi. Gwamnati ta fara Sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, a 2017 da naira biliyan 100 aka yi tituna da su, na 2025 kuwa biliyan 300 aka nema mutane suka kawo sama da tiriliyan 2. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin kuɗin da ke kwance suna jiran ƙofar halal. Matsalar ita ce Sukuk shekara bakwai ne ko goma, ɗan kasuwar da ke juya jari duk sati ba zai iya kulle kuɗinsa haka ba, kuma su ma bankunan da ba ruwa in za su yanka ribar murabaha, wato su sayi kaya su sayar maka da riba ka biya daga baya, suna kallon farashin kasuwa ne, wanda naku ke ja.

Manoma ma suna cikin wani hali. A 2024 buhun shinkafa ya tasam ma dubu 100, gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150 daga Yulin 2024. A 2025 hatsi ya sauko a Dawanau, mai saye ya ɗan numfasa, alhamdulillahi. Amma taki bai sauko ba, maganin feshi bai sauko ba, man injin ban ruwa bai sauko ba. 'Yan uwanmu na Kura da Garun Malam da Bunkure da ke noman rani a Kadawa suna cewa abin da suka zuba bai dawo ba, wasu sun ce baɗi ba za su yi shinkafa ko masara ba. Kun rufe shirye-shiryen bashin noma irin na Anchor Borrowers da aka fara a Kebbi a 2015, kun ce ba aikin Babban Banki ba ne kuma kuɗi da yawa ba su dawo ba. Ban musa ba, mun san yadda 'yan siyasa da manoman takarda suka shiga ciki. Amma an rufe wannan ƙofa, manomin gaske bai ga wadda aka buɗe masa ba. In bai yi noma ba baɗi, tsadar da kuke yaƙa za ta dawo ta inda ba ku zata ba.

Ƙananan caje-caje kuwa ba zan daɗe a kai ba, kowa ya san su. Naira 50 a kan duk turin da ya kai dubu 10, naira 100 a kan kowace dubu 20 in ka cire a na'urar wani banki tun Maris 2025, ga kuɗin mai POS dan sau da yawa a wajensa kaɗai ake samun tsaba. Wanda ribarsa a katan ba ta taka kara ta karya ba, waɗannan su ke cinye ta. Har yau kuma mutane ba su manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da ake sayen naira da naira, 'yan ƙauye suka yi ta karyar da dabbobi da hatsi dan su samu tsaba, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Maris. Ba kai ne a kujerar ba, amma tabon yana jikin bankin da kake riƙe.

Akwai kuma maganar alƙaluma. A Disambar 2024 an ce 34.8, a Janairun 2025 aka ce 24.48, saboda hukumar ƙididdiga ta sake ma'aunin lissafi. A Agusta an ce ya sauko kusan 20. Ƙanena ya ce ba ƙarya ba ce, kuma saukar ba tana nufin kaya sun yi araha ba, gudun tashin ne ya ragu. To wa ya yi wa jama'a wannan bayanin da Hausa? Mutum ya ji a rediyo an ce tsada ta ragu, ya zo shagona ya tarar man girki na nan inda yake, sai ya ce ko dai gwamnati na ƙarya ko ni ne ɓarawo. Ma'aikacin da aka yi wa mafi ƙarancin albashi dubu 70, a Kano dubu 71, ya zo ya tsaya yana lissafi da yatsu, ya ajiye madara ya ɗau sukari, ya ajiye sukarin ya ce a ba shi rabin kwano. Ni nake ganin fuskokin nan kullum.

Mun ga inda yunwa ke kai gari. Ranar 1 ga Agustan 2024 matasa suka fito, abin ya rikiɗe, aka fasa wurare aka rasa rayuka aka sa dokar hana fita, muka yi kwanaki shaguna a rufe muna kwana da fargaba. A Nuwamba muka ga yara ƙanana a kotu a Abuja suna faɗuwa dan galabaita kafin Shugaban Ƙasa ya ce a sake su. Ba na goyon bayan ɓarna, ni mai shago ne, ni za a fara fasawa. Amma duk kamfanin da ya rage ma'aikata da duk tiredar da ta rufe, ƙarin matasa ne a bakin titi.

Ga kuma 2027 ta ƙarato, a majalisarmu yanzu hirar kenan, wane ya sauya sheƙa, wane zai haɗe da wane. Akwai 'yan Kwankwasiyya a cikinmu akwai 'yan APC akwai waɗanda suka ce sun daina zaɓe, ana musu har a tashi, amma in aka zo maganar cefane bakinmu ɗaya. Tsoronmu shi ne abin da ya faru a baya, dokar bankinku ta 2007 ta ce bashin da za ku ba gwamnati kar ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, aka take ta har ya kai tiriliyan 22.7, majalisa ta zo ta amince a Mayun 2023 aka mayar da shi bashin dogon zango. In da gaske akwai inda kuɗi sukai yawa, to can ne, ba a hannun mai awara ba. Su suka ci, mu aka ba maganin. Kasafin 2025 na kusan tiriliyan 55 ne, sama da tiriliyan 14 a ciki biyan bashi ne, kuma duk ƙarin ruwan da kukai ita ma gwamnati yana ƙara mata nauyin, kuɗin da za a yi asibiti da makaranta ne ke tafiya.

Saboda haka ga roƙonmu, ranka ya daɗe.

Ku rage kuɗin ruwa ragi na gaske wanda mai kamfani zai ji a jikinsa har ya dawo mana da sati biyunmu. In kuna tsoron masu dala za su gudu in an yi gaggawa, to ku fito ku faɗa mana ƙarara, in tsada ta sauko zuwa kaza za mu rage zuwa kaza, kowa ya san abin da yake jira. Kuɗin da kuka kulle na bankuna kuma, ku saki wani kaso ga duk bankin da zai ba masana'anta ko mai sarrafa amfanin gona a farashi mai sauƙi, an taɓa yin irin haka a 2018 a kan kashi 9, sai dai wannan karon a wallafa sunan duk kamfanin da ya karɓa da garin da yake, mu ga nawa ne suka zo Kano.

Wanda ya fi muhimmanci a wajenmu, ku zauna da ofishin kula da basussuka da bankunan da ba ruwa da malamanmu masana mu'amala ku fito da ma'ajiya ta halal ta wata uku ko wata shida, wadda mai dubu 50 zai iya shiga ta waya. Ku sauƙaƙa murabaha ga ƙananan 'yan kasuwa ta yadda shugabannin layi da ƙungiyoyin kasuwa za su tsaya wa mutum, dan yawancinmu ba mu da takardar mallakar gida da za mu ajiye, amma muna da mutanen da suka san mu shekara 20. Manomi kuma a yi masa salam, a biya shi kuɗin amfanin tun kafin shuka ya kawo kaya da kaka, abu ne da ke cikin littattafan fiƙihunmu tun kafin a san banki.

Ku duba caje-cajen nan, ku tilasta wa bankuna su riƙa zuba kuɗi a na'urorinsu. Duk sanarwar da kwamitinku zai fitar a fassara ta da Hausa a karanta a gidajen rediyo, a bar mutane su bugo waya su yi tambaya. In guguwar zaɓe ta taso aka zo muku da buƙatar a buɗe wa gwamnati famfon kuɗi, dan Allah ku tsaya a kan doka, kar ku bari haƙurin da mukai ya tafi a banza.

Abin da ba a hannunka yake ba kuma, kai ne mai shiga inda ba ma shiga. Ka gaya wa Shugaban Ƙasa da Ministan Kuɗi cewa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar tun 2020, da titin Abuja zuwa Kano, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da tsaron gonaki, su ne za su sauko da farashi a nan fiye da duk wani lissafin ruwa. Sanatocinmu uku, Barau Jibrin da Kawu Sumaila da Rufa'i Hanga, da 'yan majalisar wakilai 24 da Kano ke da su, wannan wasiƙa ta haɗa da ku, kuna da ikon kiran Gwamna gaban majalisa ku yi masa waɗannan tambayoyi a madadinmu.

Na ƙarshe, kuna da reshe a nan Kano. Kafin zamanku na gaba ka turo mutum biyu ko uku daga cikin 'yan kwamitin, ko ka zo da kanka, ba taron otal ba, ku shigo Singa da misalin sha ɗaya na safe ku zauna a benci, ku wuce Kwari da Dawanau, ku ƙarasa Sharaɗa. In kun zo layinmu zan ɗauko littafin bashina na 2022 da na bana in ajiye muku su gefe da gefe ku buɗe da hannunku, zan kuma aika a kira mai tiredar nan in an same shi a hanya, ya yi muku bayani da bakinsa.

Na gode, Allah ya huci zuciyarka in na yi kaushi a wani wajen.

Naka,
wani ɗan kasuwar Singa, Kano.